"Wallahi Na Sani, Guduwa Ya Yi": Fargabar Jarrabawa da Firgicin da ke Kayar da 'Ya'yanmu

Ranar 14 ga Mayun 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya zauna gaban 'yan jarida yana share hawaye. Ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, don haka sai sun sake zama. Kafin wannan rana hukumar ta riga ta sanar cewa cikin mutum kusan miliyan biyu da suka rubuta jarrabawar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Mako biyu bayan wannan zama da 'yan jarida sai ga hotuna sun cika Facebook da WhatsApp, ɗaliban WAEC suna rubuta Turanci cikin dare da tocila da hasken waya, saboda takardu ba su iso kan lokaci ba. A watan Agusta WAEC ta ce kashi 38 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Ba a yi mako guda ba ta dawo ta ce an yi kuskure wajen ba da maki, adadin ya koma kusan kashi 63.

Idan dattijo, farfesa, wanda ba shi ne zai zauna gaban kwamfuta ba, abin ya kai shi ga kuka, ina ga yaro ɗan shekara goma sha shida da aka shekara ana nanata masa cewa rayuwarsa kaf tana rataye da awa biyun jarrabawar JAMB?

Duk malamin da ya daɗe yana sa ido a ɗakin jarrabawa ya san yara iri biyu. Akwai wanda ya yi karatu, jiya da daddare ma shi ke koya wa abokansa, amma da aka raba takarda sai ya karanta tambaya sau uku bai gane abin da ake nema ba. Yana taka ƙofar fita amsoshin su fara dawo masa ɗaya bayan ɗaya. In ya isa gida ya ce, "Wallahi Baba na sani, guduwa ya yi," sai a ce ƙarya yake, wasa ya sa a gaba. Akwai kuma wadda ta fi tayar wa mutane hankali: yarinya tana zaune lafiya lau, farat ɗaya ta dafe ƙirji, numfashi sama-sama, gumi na tsiyaya, jiki na ɓari, yatsu sun sanƙare, tana cewa a kira mata Umma, mutuwa za ta yi. Na farkon fargabar jarrabawa ce ta toshe masa kai. Ta biyun kuwa firgici ne ya taso mata gaba ɗaya. Tushensu ɗaya, kuma dukansu suna da mafita.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Allah ya halicci ɗan Adam da wani shiri na ko-ta-kwana. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, wasu ƙananan ƙulluwa biyu da ke zaune a saman ƙoda sukan zuba wa jini sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, jini ya janye daga hanji ya tafi cinyoyi da damatsa, don mutum ya ruga ko ya kare kansa. Shi ya sa baki ke bushewa, ciki ya murɗa, yaro ya yi ta zaryar banɗaki da safiyar jarrabawa. Wani masani a Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan tun fiye da shekara ɗari da suka wuce. Matsalar ita ce wannan shiri bai san bambancin mahaukacin kare da takardar Fiziks ba. Mai gadi ne da ya ji motsin mage a soro ya kurma ihun ɓarawo, unguwa ta tashi da sanduna.

Kaɗan daga cikin wannan tashin yana da amfani, shi ke wartsakar da mutum ya mai da hankali. Amma ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe lissafi yayin da ake cikin yin sa ba ya ɗaukar abu da yawa a lokaci guda. Idan "in na faɗi fa?" da "me zan ce wa Baba?" suka cika wurin, babu inda tambayar za ta zauna. Karatun yana nan bai je ko'ina ba, hanyar ɗauko shi ce ta cushe. Don haka yaron da ya ce guduwa ya yi, gaskiya ya faɗa.

Shi kuwa firgicin da ke kayar da yaro, yana da wata da'ira da masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, David Clark, ya fayyace a 1986. Yarinya ta ji zuciyarta na dukan uku-uku, sai ta fassara shi da ciwon zuciya. Wannan tunanin ya ƙara tsorata ta, tsoron ya ƙara wa zuciyar gudu, gudun ya tabbatar mata da abin da take zato. Tana haki, sai iskar kabon dayoksaid ta ragu a jininta fiye da kima, daga nan jiri ya zo, leɓe da yatsu su ɗauki zirr, wani lokaci hannu ya ƙandare ya lanƙwashe. Wanda bai taɓa gani ba zai rantse ajali ne. Alhali abin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, yawanci kuma ya lafa kafin rabin awa. Ba ya kisa, ba ya haukatarwa, kuma duk da jirin, ba kasafai ake suma ba.

Ba ciwon 'yan gayu ba ne

Akwai masu cewa wannan duk sangarta ce ta yaran zamani, 'ya'yan waya. Tarihi bai goyi bayansu ba. A 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yanci, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya wallafa bayani kan wani hali da ya yi ta gani ga ɗaliban Najeriya: zafi a tsakiyar kai, jin kamar wani abu na tafiya a ƙarƙashin fata, ido na dishi-dishi in an buɗe littafi, karatu ya ƙi shiga. Kakannin yaran yau ne waɗannan ɗalibai. A nan Arewa ma mun daɗe da cewa wane "karatu ya taɓa masa kai", muna faɗa da tausayi, wani lokaci da dariya, ba tare da mun tsaya tambayar abin da ya faru da shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane bakwai na yara 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da fargaba suna sahun gaba. A ajin mutum saba'in, irin azuzuwan makarantun gwamnati, lissafin ya nuna ba yaro ɗaya ake magana ba.

Sai batun da ba a iya tsallakewa. A makarantunmu, musamman na 'yan mata na kwana, idan ɗaliba ta faɗi tana haki, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne aljanu. 'Yan Kano da suka manyanta ba su manta da Sumbuka ba, a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata suka riƙa faɗuwa a makarantun sakandare. Ba na cewa duk wadda ta faɗi firgici ne ke damunta, kuma ba ni da ja da addu'a. Uwa ta riƙe hannun 'yarta tana tofa mata addu'a a hankali, wannan natsuwa ce, likita ma ba zai hana ba. Abin da nake ja da shi shi ne abin da aka saba yi da sunan taimako: mutum talatin su yi mata rumfa su tare iska, ƙarti huɗu su danne ta, wani ya kwara mata ruwa, wani ya cusa mata tafarnuwa a hanci ko ya banka mata hayaƙi, wani ya kafa baki a kunnenta yana daka wa aljani tsawa ya faɗi sunansa. Yarinyar da dama take jin numfashinta zai ɗauke, an ba ta dalili goma na ƙara firgita. Bayan rabin awa abin ya lafa don kansa kamar yadda ya saba, sai a ce aljanin ya fita. Ita kuma ta tashi da sabon nauyi: an tabbatar mata akwai wani abu a jikinta da zai iya dawowa kowane lokaci, kuma duk makaranta ta sani. Tsoron dawowarsa shi ne babban abin da ke dawo da shi.

Minti goman farko

Abin da ake buƙata babba ɗaya ne mai sanyin jiki, namiji ga namiji, mace ga mace in da hali. A sallami 'yan kallo, a kai yaron inuwa, a zaunar da shi. Wanda zai taimaka ya zauna daidai da shi, kada ya tsaya masa a kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa, gajeru: "Ina nan tare da ke. Tsoro ne ya taso miki, ba mutuwa ba ce. Yanzu zai wuce." Kada a ce "daina" ko "ke wai meye haka", don da tana iya dainawa da tuni ta daina.

Numfashi shi ne linzamin. Ba a son a ce "ja numfashi sosai", domin ja ɗin ne ya riga ya yi yawa. Fitarwa ake so ta yi tsawo: a shaƙa ta hanci a hankali ana ƙirga huɗu, a fitar ta baki ana ƙirga shida, leɓe a tsuke. Babban ya riƙa yi tare da yaron, don ya ga abin kwaikwayo. Ana kuma iya janyo hankalinsa waje: ya faɗi abubuwa biyar da yake gani, ya taka ƙasa da tafin ƙafa sosai, ya riƙe ledar ruwa mai sanyi. Wasu yaran tasbihi a gaɓoɓin yatsu ya fi yi musu aiki, saboda bakinsu ya saba da shi tun suna ƙanana. Tsohuwar dabarar nan ta sa mutum ya yi numfashi cikin jakar takarda, likitoci sun daina ba da shawararta, don in ashe asma ce ko ciwon zuciya, illa za ta yi.

A nan dole a yi hattara. Yaron da aka san yana da asma, ko sikila, ko farfaɗiya, ko ciwon suga, ko wanda numfashinsa ke fito, ko leɓensa ya canza launi, ko ya fita hayyacinsa sam ba ya jin kira, asibiti za a nufa da shi, ba sai an tsaya gwaji ba. Wanda kuma abin ya fara samu karon farko, ko da ya lafa, ya kamata likita ya duba shi. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga 'yan mata masu tasowa, da matsalar maƙoƙo, da zazzaɓin cizon sauro, da zama da yunwa, duk suna iya kawo bugun zuciya da jiri.

Idan ya lafa kuma, abin da tausayi ke raya wa iyaye shi ne a tafi gida, gobe ma a huta. Wannan kuskure ne mai tsada. Duk ranar da yaro ya tsere wa ɗakin jarrabawa ya ji sauƙi, ƙwaƙwalwarsa ta koyi cewa tserewar ce ta cece shi, gobe tsoron ƙofar ya ninka. In ya sha ruwa ya huta, mafi alheri ya koma kujerarsa, ko da rabin tambayoyin zai amsa. Shi ya sa yake da kyau iyaye su sanar da shugaban makaranta tun kafin lokaci, a zaunar da yaron kusa da ƙofa ko taga, mai sa ido ya san da zamansa.

Tsoron ba na takarda ba ne

In ka zauna da irin waɗannan yara ka bi maganarsu sannu a hankali, da wuya ta ƙare a kan Kemistiri. A gida take ƙarewa. Uba ya sayar da buhun masara ko ya ci bashi a wurin aiki ya biya kuɗin WAEC da NECO da JAMB da na lesin, kuma kullum sai ya tuna wa yaro. Uwa tana zaune da kishiya, ɗan kishiyar ya samu gurbin karatun likita bara. Ana ce wa namiji, "In ka faɗi, kasuwa za ka bi kawunka." Ana ce wa mace, "Wannan ce dama ta ƙarshe, in ba ki ci ba aure za a yi miki." A Kano da wasu jihohi akwai ma jarrabawar kwalifayin, wadda sai ɗalibi ya ci gwamnati ke biya masa kuɗin jarrabawar fita, don haka ɗan talaka tun daga aji biyar yake ɗauke da lissafin aljihun ubansa. Iyaye suna faɗin waɗannan maganganu ne don su zaburar. Yaron da ba ruwansa zai ji ta kunnen dama ta fita ta hagu. Mai zurfin ciki, wanda dama shi ya fi damuwa, shi maganar ke kwana da shi.

A ganina jimla ɗaya daga bakin uba ta fi duk dabarun numfashi ƙarfi: "Ka yi iya ƙoƙarinka. Ko ka ci ko ka faɗi, kai ɗana ne, kuma za mu sake." Na san ba kowane uba bakinsa ke iya furta wannan ba. Muna da kunya, musamman ta ɗan fari, wanda uwa ba ta ko kama sunansa balle ta zauna hira da shi. To, al'adar da ta rufe wannan ƙofa ta buɗe wasu. Akwai kaka, wadda wasan jika ya ba ta lasisin tambayar abin da uwa ba ta iyawa. Akwai gwaggo, da kawu, da yaya wanda ya rubuta JAMB sau biyu kafin ya samu. A tura wanda yaron ya fi sakin jiki da shi, ya je ya saurara, ba wa'azi ba. Tambayar "me ka fi tsoro ya faru?" takan fito da abin da "me ke damunka?" ba ta fitarwa.

Shirin da ke rage fargaba

Yawancin abin da yaranmu ke kira shiri, kiran firgici ne. Kwana karatu da ƙafa a bokitin ruwa, Nescafé kofi uku, goro, lemon ƙara kuzari. Sinadarin kafin da ke cikin waɗannan yana sa bugun zuciya da rawar hannu, wato ainihin alamomin da ke kunna da'irar da aka ambata. Matashi yana buƙatar barcin awa takwas zuwa goma, kuma cikin barci ne abin da aka karanta da rana ke zama a ƙwaƙwalwa. Mafi haɗari shi ne aboki ya ce ga wata ƙwaya a kemis tana sanyaya zuciya ko tana hana barci. An hana maganin tari mai kodin a 2018 bayan rahoton BBC, amma tiramadol da dayazifam ba su ɓace daga unguwanni ba, kuma lokacin jarrabawa ƙofa ce da yara ke shiga wannan masifa ta cikinta.

Abin da bincike ya nuna yana aiki ba shi da tsada. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a Amurka sun gwada ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta rubutu da waɗanda suka rufe littafi suka yi ƙoƙarin tuno shi. Bayan mako guda masu tunowa suka yi wa masu maimaitawa fintinkau. Almajiri ba zai yi mamaki ba, ya san hadda sai da tilawa da ka. Don haka tambayoyin shekarun baya, da agogo a gefe, a kan kujera, ba littafi a buɗe, su ne shiri. Suna kuma sabar wa jiki da yanayin, har faɗuwar gaban ta zama abin da aka sani. A 2011 kuma Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Chicago sun sa ɗalibai su ɗauki minti goma kafin jarrabawa su rubuta duk abin da suke tsoro. Masu yawan fargaba cikinsu sakamakonsu ya ɗaga. Biro da fallen takarda kawai ake buƙata, ana iya yi a gida kafin a fita, da boko ko da ajami, a yage a zubar.

JAMB tana da nata tashin hankali na daban. Tun 2015 da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, tambaya 180 cikin awa biyu, kuma akwai yaran karkara da ranar jarrabawar ce rana ta farko da suka taɓa madannin kwamfuta. Duk wanda zai iya, ya yi jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa, ko ya biya awa biyu a shagon kwamfuta. Ya san cewa haruffan A zuwa D su ne zaɓin amsa, N na kai shi gaba, P na dawo da shi baya, ba sai ya iya linzamin kwamfuta ba. A je a ga cibiyar tun ana gobe, don ana tantancewa ne da sassafe. 'Yan mata kuma su haƙura da lalle a yatsu har a gama. Hukumar da kanta ta yi gargaɗi cewa yana hana na'ura karanta zanen yatsa, kuma ba abin da ke ruguza yarinya kamar na'ura ta ƙi ta a bakin ƙofa, layi na kallonta. A karya kumallo, ko da koko da ƙosai ne. In an zauna, a fara da tambayar da aka sani.

Lokacin da gida ya gaza

Idan firgicin yana maimaituwa, ko yaro ya fara ƙin makaranta, ya daina ci, ya daina barci, ya janye daga mutane har makonni, to an wuce abin da kaka za ta iya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, don haka layi akwai shi, amma babban asibitin gari ma wuri ne na farawa. Abin da aka fi yi wa mai firgici zaman tattaunawa ne na makonni, inda ake koya masa gane alamomin jikinsa da daina yi musu mummunar fassara. Magani sai likita ya ga dole. Mutane na gudun waɗannan wurare don kada a ce ɗansu ya haukace, ko 'yarsu ta rasa miji. Ita doka dai ta sauya: a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi sirrin mara lafiya.

Akwai maganar da ba a wasa da ita ko sau ɗaya aka ji ta: "gara in mutu", "in na faɗi ba za ku sake ganina ba". Ba a amsa ta da tsawa ko da "kul, saɓo ne" a wuce. A zauna a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta dasa wa yaro tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe magungunan ƙwari da ƙwayoyi daga inda hannu ke kaiwa, a kai shi asibiti ranar.

Ranar fitowar sakamako ta fi ranar jarrabawa buƙatar sa ido. Yanzu saƙo ɗaya ake turawa zuwa 55019, maki ya faɗo wa yaro a waya yana kwance shi kaɗai a ɗaki tsakar dare. Ya kamata a yi yarjejeniya tun da wuri cewa tare da wani babba za a duba. Babban kuma ya zo da bayani a hannu, ba lallashi kaɗai ba. Wanda WAEC ta kayar yana da NECO, yana da jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, kuma makarantu da yawa suna karɓar haɗin sakamako biyu. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, na kwalejin kimiyya da fasaha da na kwalejin ilimi 100. Wanda makinsa bai kai kwas ɗin da ya zaɓa ba yana iya canza kwas ko makaranta a shafin JAMB. Akwai kuma IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Fom ɗin JAMB na gaba kuwa, farkon shekara ake fara sayar da shi.